Tambaya da Amsa: Yadda za a zaɓi katifa mai araha da ba za ta lotsa da wuri ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana muna son mu canza katifa, domin wadda muke kwana a kanta ta lotsa a tsakiya, shi kuma yana yawan tashi da ciwon baya. An ba mu shawarar mu sayi irin soson nan mai bin siffar jiki da ake kira memori fom, amma na tarar farashin wata katifar ya ninka na wata, alhali a ido duk kamarsu ɗaya. Yaya zan gane mai inganci ba tare da mun kashe abin da ya fi ƙarfinmu ba?

Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba maigida lafiya. Shi wannan soson an fara ƙera shi ne a 1966 a ƙarƙashin wani aikin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, domin kujerun jirgin sama, kuma sai a farkon shekarun 1990 ya shiga kasuwar katifa. Abin da ya bambanta shi da soson da aka saba shi ne yana yin laushi idan ya ji ɗumin jiki, ya lotsa daidai inda kafaɗa da ƙugu suka danna, sannan ya dawo a hankali idan an tashi.

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne da wuya a sami katifar da aka yi da wannan soson tun daga sama har ƙasa. Shimfiɗa ce ake ɗorawa a kan wani soso mai tauri da ke ɗaukar nauyin jiki, kuma a nan ne bambancin farashi yake ɓuya, domin katifa mai kauri sosai tana iya kasancewa da santimita 2 kacal na soson da aka tallata. Ki tambayi kaurin shimfiɗar sama ita kaɗai; santimita 5 zuwa 8 sun wadatar da yawancin mutane.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, shi ne nauyin soson, wato dansiti, wanda ake aunawa da kilo a kowace mita kubik (wato dunƙulen soso mai tsawo, faɗi da kauri mita ɗaya-ɗaya). Shimfiɗar sama mai kilo 50 ko fiye, a kan soson ƙasa mai kilo 30 ko kusa da haka, ita ce ke jure shekaru, yayin da soso mara nauyi yakan yi daɗi a makonnin farko sannan ya fara yin rami. Kada a rikita ki da tauri, domin ana iya yin soso mai tauri amma mara nauyi, kuma irinsa ne ya fi yaudarar mai saye. Idan mai sayarwa ya kasa faɗa miki waɗannan alƙaluma, akwai lissafi mai sauƙi: katifa mai tsawon santimita 190, faɗin 150 da kaurin 25, idan an yi ta da soso irin wanda na ambata, nauyinta zai kai kusan kilo 25. Wadda mutum ɗaya ya ɗaga cak ba tare da nishi ba, ki bar musu abarsu.

Game da bayan maigida, ba lallai ne katifa mafi tauri ta fi taimaka masa ba. Wani bincike da aka yi a Sifaniya, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2003, ya gano cewa masu daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya sun fi samun sauƙi a kan katifa mai matsakaicin tauri. Ku je tare, ya kwanta yadda ya saba kwanciya na minti 10 zuwa 15, kada kunya ta hana shi, domin danna katifa da hannu ba ya nuna komai. Idan ciwon ya ci gaba bayan canjin, ko yana sauka zuwa ƙafa, to likita ya kamata ya gani.

Inda za ki rage kuɗi shi ne a kan ƙyale-ƙyale: babban suna, kaurin da ya wuce santimita 25, da mayafi mai ado. Abin da ba zan so ki yi sakaci da shi ba shi ne takardar garanti, kuma ki karanta zurfin lotsawar da kamfanin ya yarda ya ɗauki alhakinsa, domin da yawa sai ramin ya kai kusan santimita 4 suke canza katifa, alhali tun kafin nan baya ya ji a jikinsa. Kamfanin da ya amince da santimita 2 ya fi yarda da kayansa.

TAMBAYA: Malam, na ji ana cewa wannan katifar tana sa zufa, kuma tana da wari. Gaskiya ne?

Daga wani mai karatu

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Tun da jiki yana nutsewa a cikinta, iska ba ta zagayawa sosai, kuma soso mai nauyi ya fi riƙe zafi. Ruwan jel da ake gaurayawa a wasu yana ba da sanyi ne a farkon kwanciya kawai, don haka ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa saboda shi ba. Zanen gado na auduga da gado mai katakai jere, waɗanda tazararsu ba ta wuce santimita 7 ba, sun fi amfani. Warin kuwa na sabon soso ne, yana gushewa cikin 'yan kwanaki idan aka buɗe ta a ɗaki mai iska, kuma shaidar gwaji irin ta CertiPUR ko OEKO-TEX tana nuna an binciki sinadaran da ke ciki. Ba a kifa ta, sai dai a juya kai zuwa ƙafa bayan kowane wata 3 zuwa 6. Jariri kuma ba a kwantar da shi a kanta, domin laushinta na iya toshe masa numfashi.