Filin Tambaya da Amsa: Ina Mai Bincike Zai Samu Kuɗin Aiki?

Wasiƙun da suka iso filin nan a wannan watan sun fi karkata ga magana ɗaya, wato inda mai son gudanar da bincike a fannin lafiya ko ilimi ko muhalli zai samu tallafin kuɗi. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malami ne a wata kwalejin ilimi, ina da digiri na biyu. Idan na fita duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a makarantun firamare na karkara, nakan tarar da yara 'yan aji uku da huɗu waɗanda ba sa iya karanta jimla guda ta Hausa, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina so in yi bincike a kai, amma abokan aiki suna cewa kuɗin bincike na furofesoshi ne. Shin irina yana da rabo? Daga wani malamin kwaleji, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da rabo, kuma ƙofar farko da ya kamata ka ƙwanƙwasa tana cikin makarantarku. Asusun tallafa wa manyan makarantu da aka fi sani da TETFund ya samo asali ne daga dokar harajin ilimi ta 1993, sannan dokar 2011 ta sake masa fasali, ta taƙaita aikinsa ga jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, na tarayya da na jihohi. Kuɗinsa haraji ne da ake cira daga ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 3 a 2023. Ke nan kuɗin jama'a ne, kuma malamin kwaleji yana da haƙƙin nemansa daidai da malamin jami'a.

Tallafin binciken da asusun ke bayarwa iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda ake nema ta hannun kwamitin bincike na makarantar da mutum yake aiki, kuma a shekarun baya an tsayar da iyakarsa a naira miliyan 2 ga kowane aiki. Akwai kuma babba, na ƙasa baki ɗaya, wanda ake gasa a kansa, inda ake fara aika taƙaitaccen bayanin abin da ake son bincikawa, sai waɗanda suka tsallake wannan mataki a nemi su rubuto cikakkiyar takarda su kuma kare ta a gaban masana. Wannan na biyun yakan bukaci ayarin masu bincike ƙarƙashin jagorancin wanda ya yi nisa a fanninsa, kuma ina jin daga nan ne maganar abokan aikinka ta samo tushe. Shawarata ita ce ka nemi ƙaramin tukuna, ka je wurin jami'in da ke kula da harkokin asusun a kwalejinku, ka karɓi ƙa'idojin wannan shekarar ka karanta su da kanka daga farko har ƙarshe.

Sai dai abin da ya fi kayar da masu nema shi ne faɗin tambayarsu. Mutum zai rubuta cewa zai binciki matsalolin da ke addabar ilimin firamare a Arewacin Najeriya, alhali wannan aiki ne da ma'aikata guda ba za ta gama shi a shekara goma ba, kuma mai tantancewa yana ganin taken ya san cewa marubucin bai zauna ya yi tunanin abin da zai auna ba. Kwatanta shi da wanda ya ce yana so ya gano ko minti 20 na karatu da babbar murya kowace safiya, da ƙananan littattafan labarai na Hausa, zai ƙara yawan kalmomin da 'yan aji uku ke karantawa, a makarantu 12 na ƙaramar hukuma ɗaya, cikin zangon karatu biyu. Wannan ana iya auna shi. Za ka zaunar da yaro a inuwa, ka miƙa masa takarda mai ɗan gajeren labari, ka duba agogo, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai a cikin minti ɗaya, ka sa alama a kan waɗanda ya yi tuntuɓe da su. Ka yi haka a farkon zango, ka sake yi a ƙarshe, a makarantun da aka yi shirin da waɗanda ba a yi ba. Daga irin wannan tambaya kasafin kuɗi yake fitowa da kansa: kuɗin mota zuwa makarantu, alawus na mataimaka, buga takardun gwaji, sayen littattafai, da horar da malaman ajin. Mai tantance takarda kamar mai sayen hatsi ne, ba ya tsayawa kallon bakin buhu, hannu yake zurawa ciki, kuma kasafin nan ne yake fara lalubawa.

Kada ka rubuta kamar kai ne na farko da ya taɓa wannan batu. An gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi cikin Hausa a Katsina da Zamfara, an kuma yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da tallafin Amurka. Ka nemi rahotanninsu, ka nuna abin da suka gano da kuma giɓin da aikinka zai cike. Ka haɗa da takardar izini daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Idan ka kammala wannan ƙaramin aiki ka buga sakamakonsa, ka samu abin nunawa a gaba, kuma bayan digirin digirgir za ka iya tunkarar irin gidauniyar Spencer ta birnin Chicago, wadda ƙaramin tallafinta na binciken ilimi yake kaiwa dala 50,000, kuma tana karɓar masu nema daga wajen Amurka.

TAMBAYA: Malam, ni ungozoma ce a wani babban asibitin gwamnati. Muna ganin mata da yawa ana kawo su a galabaice saboda zubar jini bayan haihuwa, kuma ina da yaƙinin akwai dalilan jinkirin da ba a rubuta su ba. Ba na koyarwa a jami'a. Akwai mai tallafa wa ma'aikaciyar asibiti ta yi bincike? Daga wata ungozoma, Gusau.

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki, kuma akwai. Ina so ki fara sanin cewa batun da ke damunki ya riga ya ja hankalin manyan masu ba da tallafi. Binciken E-MOTIVE, wanda aka buga sakamakonsa a 2023, an yi shi ne a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya shafi mata fiye da 200,000, da kuɗin gidauniyar Gates. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da aka gwada mai sauƙi ne: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da ma'auni, wadda ke tara jinin a ga yawansa da ido maimakon a yi kintace, sannan da zarar ya kai iyaka a ba da magunguna da sauran matakan ceto a tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ungozomomi irinki ne suka riƙe wannan aiki a ɗakunan haihuwa, don haka kada ki raina matsayinki.

Tambayarki kuwa ta shafi abin da ke faruwa kafin mace ta iso asibiti, kuma ana iya fara amsa ta da littafin rajistar ɗakin haihuwa da tattaunawa da matan da danginsu. Ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, RSTMH, tana ba masu tasowa tallafin da ya kai fam 5,000 na aikin shekara ɗaya, kuma ba ta keɓe shi ga malaman jami'a ba, amma tana so a samu gogaggen mai bincike da zai sa ido a kan aikin. Shirin TDR na bincike kan cututtukan ƙasashe masu zafi, da ke ƙarƙashin inuwar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da horon da ake kira SORT IT, wanda aka tsara domin ma'aikatan lafiya su koyi mayar da bayanan da suke rubutawa kullum zuwa bincike, yana kuma da darussa na kyauta ta intanet. Ki nemi malami a sashen kula da lafiyar al'umma ko na mata da haihuwa a jami'a mafi kusa da ke, ki kai masa tambayarki a rubuce a shafi ɗaya, ku kuma yi magana tun farko a kan yadda sunanki zai fito a takardar, domin an sha barin waɗanda suka tattara bayanai a baya idan an zo bugawa, kuma wannan rashin adalci ne.

Akwai sharaɗin da ba na so ki ɗauke shi da wasa, shi ne amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki yi wa mace ko ɗaya tambaya. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da doguwar shari'ar da ta biyo baya a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Tabon wannan lamari ya daɗe yana shafar yadda jama'a ke kallon allurar rigakafi. Ki rubuta takardar neman yarda da Hausa mai sauƙi, a karanta wa wadda ba ta iya karatu ba, a kuma gaya mata cewa idan ta ƙi, ba abin da zai ragu daga kulawar da za a yi mata.

TAMBAYA: An turo mini saƙo ta WhatsApp cewa wata gidauniyar ƙasar waje tana raba tallafin bincike, amma sai na biya naira 15,000 kuɗin fom. In biya? Daga wani ɗalibin digiri na biyu, Zariya.

AMSA: Kada ka biya, ɗan'uwa. Masu ba da tallafin bincike na gaskiya ba sa sayar da fom ta asusun bankin wani mutum, ba sa neman lambar BVN ko lambar sirrin katinka, kuma galibi ba sa zuba kuɗi a asusun mai bincike, ta asusun makarantarsa suke biya. Ka rubuta sunan gidauniyar da kanka a intanet, ka shiga shafinta na asali ka ga ko sanarwar tana nan. Idan ba ta nan, damfara ce, ka gargaɗi wanda ya turo maka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu ƙungiyar matasa ce ta manoma da masunta. Ciyawar kacalla ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan-baki kuma sun samu mafaka a cikinta suna cinye mana shinkafa. Muna so a yi bincike a kuma taimaka mana. Wa za mu nema? Daga sakataren wata ƙungiya, yankin Nguru.

AMSA: Allah ya kawo muku sauƙi. Abin da kuke fama da shi sananne ne ga masana, domin tun bayan gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990, yanayin ambaliyar dausayin Haɗeja zuwa Nguru ya canza, wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa da rani, kacalla ta samu wurin zama. Wani ɓangare na wannan dausayi yana cikin jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, ta amince da muhimmancinsu tun shekarar 2000, kuma ku ambaci wannan a duk takardar da za ku rubuta, saboda yana ƙara mata nauyi a wurin masu tallafa wa muhalli.

Wasiƙarku ta haɗa buƙatu biyu, kuma masu kuɗinsu daban ne. Aikin gyara, kamar yashe hanyar ruwa ko sarrafa kacalla zuwa gawayin girki ko abincin dabbobi, shi ne irin abin da shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, yake ɗaukar nauyi ta hannun UNDP, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An fara shirin a 1992, yana ba ƙungiyoyin al'umma tallafi kai tsaye, kuma za a nemi ku nuna rajistar ƙungiya, da asusun banki da sunanta, da gudummawar da ku kanku za ku bayar, ko da ta ƙarfin jiki ce. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar noma da albarkatun ruwa, mai dala miliyan 700, wanda ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja ta ofisoshinsa na jihohi, kuma ya dace shugabanninku su kai kukansu ofishin jiharku a rubuce.

Bincike kuwa yana bukatar ku haɗa hannu da masu aunawa. Cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero da jami'o'in tarayya na Gashuwa da Dutse suna kusa da ku, kuma ɗalibin digiri na biyu ko na uku a fannin halittu zai iya neman ƙaramin tallafin gidauniyar Rufford ta Ingila, wadda ke tallafa wa ayyukan kare halittu a ƙasashe masu tasowa, ya yi aikinsa a yankinku. A nan ina so ku shiga da sanin darajar abin da ke hannunku. A yankunan Maraɗi da Damagaram na Nijar, manoma ne suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski har suka girma, kuma daga baya ne masu bincike suka zo da hotunan tauraron ɗan'adam suka tabbatar cewa ƙasar da ta farfaɗo ta kai kusan hekta miliyan 5. Dattawanku sun san shekarar da kowace hanyar ruwa ta toshe, sun san watan da yankan kacalla a ƙarƙashin ruwa yake hana ta sake tohowa da wuri, kuma mai bincike ba zai samu wannan a laburare ba.

Saboda haka, kafin ku tunkari kowa, ku zauna da dattawan nan ku zana taswirar hanyoyin ruwanku a babbar takarda, ku sa alama a inda ya toshe da shekarar da ya toshe, ku rubuta yawan gonakin da aka bari da irin kifin da ya ragu. Ku ɗauki hotuna da waya a wuri ɗaya da damina da rani. Idan mai bincike ya zo, ku yi yarjejeniya a rubuce a gaban mai gari cewa za a ɗauki matasanku a matsayin mataimaka a biya su, kuma za a dawo a karanta muku sakamakon da Hausa kafin a kai shi ko'ina. Idan kuɗi ya shigo, ku sa mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu kafin a cire ko kwabo, ku ajiye rasit na kowane buhun siminti da kowace litar fetur, domin yawancin masu ba da tallafi kashi-kashi suke biya, kuma ba sa sakin kashi na biyu sai sun ga rahoton na farko.