Amsa ga mai tambaya kan maiɗakinsa da ke karatu a NOUN

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce maiɗakinka tana shekara ta biyu a NOUN, wato jami'ar karatun nesa ta ƙasa, kwanan nan ba ta samun barci, abu kaɗan sai kuka, har ta fara cewa za ta ajiye karatun, kana neman shawara ko ka ƙyale ta ko ka matsa mata. Ni ma da karatun nesa na yi digirina, da goyo a bayana, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Ka jingine maganar ajiyewa ko ci gaba tukuna. Ka fara duba yadda take karatun a cikin gidanka.

Ɗalibar BUK ko ABU in ta rataya jaka ta fita, kowa ya san makaranta ta tafi, ba mai aikenta niƙa. Ita kuwa matarka ajinta yana cikin waya. Tana zaune a tabarma tana fama da littafin kwas mai shafi sama da ɗari a ɗan gilashin waya, sai baƙuwa ta yi sallama, yaro ya ɓarar da kunu, wata daga dangin miji ta leƙo ta ce "ita dai kullum danne-danne". Ba wanda ya ga karatu a wurin. To sai ta bari har gida ya yi tsit, ƙarfe ɗayan dare ta buɗe, tunda lokacin ne sabis ke kyau, datar dare kuma ta fi araha. Asuba ta tashi haɗa abin karin 'yan makaranta. Wata biyu a haka ko namiji ne sai ya zube. Ga kuma kaɗaici. A aji, in darasi ya gagare ka, kana juyawa za ka ga fuskoki goma a ruɗe, ka san ba kai kaɗai ba ne. A ɗaki kuwa sai mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ne daƙiƙi. Wannan ya fi komai ci mini rai a lokacina.

Abin da ke hannunka shi ne lokaci, kuma na rana, ba na dare ba. Ka ware mata safiyar Asabar da yammaci biyu a mako, ka kwashe yaran ka kai su gidan Hajiya, ka kuma faɗa wa danginka da bakinka cewa tana makaranta a waɗannan sa'o'in. In daga bakinta ya fito, za a ce girman kai ne. Ka kai littattafan shagon kwamfuta a buga mata a takarda. Akwai tsada, amma idonta zai huta, kuma duk wanda ya shigo zai ga littafi. Ku rubuta ranakun rufe TMA, wato ayyukan gwajin da ake ba ɗalibai a kowane kwas kafin jarrabawa, a bango, domin maki 30 ne cikin 100, jarrabawa 70, kuma tara su zuwa daren ƙarshe shi ke sa zuciya bugawa.

Ranar da kake da sarari ka raka ta cibiyar karatunsu. Akwai jami'in ba ɗalibai shawara a can, kuma ɗalibai da yawa ba sa taka ofishinsa sai takardar rajista ta haɗa su. Ta tambaye shi yadda ake rage kwasa-kwasai ko ɗage zango. Kwas biyar da aka ci duka sun fi kwas tara da aka faɗi uku a cikinsu. Ta kuma nemi mata biyu ko uku 'yan sashenta su riƙa haɗuwa ido da ido. Rukunin WhatsApp na ɗalibai yana da amfani, sai dai kusa da jarrabawa jita-jita ce ke cika shi, gara ta rufe sautinsa.

Amma akwai inda duk wannan ba zai isa ba. In ta haura mako biyu cikin ƙunci kusan kullum, abinci ba ya shiga, abin da take so da ya daina burge ta, to likita ake nema. In kuwa ta taɓa cewa "gara in mutu in huta", ranar za ku tafi, kada a bar ta ita kaɗai. Ba ka faɗa mana ko ta haihu kwanan nan ba. In haka ne ka gaya wa likita, don akwai ciwon damuwa da ke biyo bayan haihuwa. A duba jininta ma, ƙarancin jini yana kawo kasala irin wannan. A Kano akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya. Za ka ji masu cewa iska ce ko rashin tawakkali. A yi addu'a, a yi azkar, a kuma je asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Ka faɗa mana garin da kuke da sashen da take, na tabbata a cikinmu ba za a rasa wadda za ta haɗa ta da abokan karatu ba. Allah ya ba ta lafiya.