Sautin fiyano yana makara a FL Studio

Malam, ka ce a situdiyonka na Daura in ka danna fiyano a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, sai sautin ya makara, wani lokaci kuma ya fito biyu-biyu. Matsala biyu ce daban.

Makarar daga direban sauti take, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da katin sauti. Shiga saitin sauti, ka zaɓi direban ASIO na katin sautinka, in babu ka sa ASIO4ALL. Rage bafa (buffer), wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 256. A kan 44.1 kHz kusan milisakan 6 ke nan, hannu ba ya jin jinkirin. In ya fara ƙaraf-ƙaraf, kwamfutar ce ta yi nauyi, rufe wasu kayan sautin tukuna. Lokacin haɗa waƙa ka mayar da bafa 1024.

Fitowa biyu kuwa, fiyanon na kaɗa kansa, kwamfuta kuma tana dawo masa da MIDI, wato saƙon abin da ka danna. Kashe Local Control a jikin fiyanon, wato saitin da ke sa ya kaɗa kansa.

Inda mutane ke ɓata aiki shi ne Quantize, wato saitin da ke jera kiɗan da ka danna daidai kan bugu. In kiɗa mai tafiyar kalangu a uku-uku yake, ka matsa shi a 1/16, ya mutu murus. Zaɓi triplet, wato rabon uku-uku, ko ka gyara ɓatattun da hannu a Piano roll, allon da ke nuna abin da ka danna.

In kuma ƙugi na shigowa cikin sauti in an tada janareto, kira mai gyaran lantarki. Kada ka yanke wayar ƙasa da kanka.