Shekara 12 ina narka dalma, ko ta taru a jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina gyaran batir a wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina, shekara 12 ke nan, kullum ina narka dalma ina zuba kan batir. Kwanan nan ciwon ciki da kasala sun matsa mini, an auna maleriya da taifod ba a ga komai ba. Ina shan madara idan na tashi aiki kamar yadda maigidana ya koya mini. Ko aikin ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma na zargi dalmar. Murɗawar ciki, taurin bayan gida, kasala, ciwon kai da saurin fushi duk halinta ne, tana kuma kawo hawan jini da lalata ƙoda.

Abin da kake shaƙa a yini ɗaya bai isa ya kayar da kai ba, shi ya sa masu sana'ar ke cewa ai mun saba. Jiki ba ya sabawa da dalma, ajiye ta yake yi. Wadda ta shiga jini sai ta yi kusan wata guda kafin rabinta ya ragu, kai kuwa gobe da safe za ka ƙara wata. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke jikin babba a ƙashi take kwance, tana iya shekara ashirin a can tana tsiyayowa cikin jini. Da yayyafi kogi kan cika. Kuma ba hayaƙin tukunyar kaɗai ba: ka dubi ƙarƙashin farcenka, baƙin nan da shi kake fasa goro.

Madara abinci ce mai kyau, kuma cikin da ba komai ya fi zuƙar dalma, don haka kada ka fara aiki ba ka karya ba. Amma ba ta wanke wadda ta riga ta shiga.

Awon ɗaya ne: gwajin dalma a jini. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani babban asibiti, ka faɗi sana'arka tun kafin a tambaye ka, don ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, wani lokaci sai an aika jinin wani gari. A ɗiba ta jijiya, kada a tsaga yatsa, ƙurar da ke fatarka za ta ɓata sakamakon. Ana lissafi da maikirogiram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 da zarar an kai 5 a nemo inda gubar ke fitowa a toshe. Yaron da ya kai 45 kuwa ana ba shi maganin da ke jawo ta ta fita a fitsari. A haɗa maka da awon hawan jini, ƙoda da yawan jini.

Ni yaranka sun fi damuna. Hanjin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da na babba ke zuƙa, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa, illar da ba ta cika gyaruwa ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara kusan 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Rigar aikin da ɗanka ke rungumewa da magariba ƙaramar irin wannan hanyar ce. Ka bar ta a shago da takalmin, ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka narka dalma a fili iska na bayanka. Ranar gwajin ka tafi da ƙananan yaran, da uwargida idan tana da juna biyu.