Ma'anar "funny" a Turanci da yadda ake amfani da ita

Kin tambaya ko "funny" ban dariya kaɗai take nufi. A'a, ma'anarta biyu ce, kuma abin da ake magana a kai ne ke raba su.

Idan labari ne ko mutum mai barkwanci, to ban dariya ake nufi: "a funny story". Wajen kwatanta abu biyu sai a ce "funnier", wanda ya fi duka kuma "funniest".

Ma'ana ta biyu ita ce mai rikita ɗalibai: abin da ba a saba da shi ba, wanda hankali bai kwanta da shi ba. Mai mota ya ce wa makanike injin yana "funny noise", wato wata baƙuwar ƙara yake yi. Madarar da ke da "funny smell" ta fara lalacewa. Mara lafiya ya ce "I feel funny", jiri ko tashin zuciya yake ji. "Funny business" kuwa cuwa-cuwa ce.

Ki kiyaye haɗa ta da "fun", wadda ke nufin nishaɗi. In biki ya yi armashi, "it was fun" za ki ce wa mai gayya. Kika ce "funny", zai ɗauka bikin nasa ya zama abin dariya.