Katin banki a Zangon Kumasi: amsa ga ɗan'uwana na Kano

Ɗan'uwa, tambaya biyu ka yi mini a numfashi ɗaya. Ta farko, idan ka zo Gana bikin nan, katin bankinka zai ba ka kuɗi? Ta biyu kuwa cikin raha ka sako ta: wai mu mutanen zango muna hulɗa da banki kuwa, ko har yanzu ƙarƙashin katifa muke ajiya? Bari in fara da mai sauƙin.

Duba fuskar katin. In akwai tambarin Visa ko Mastercard, yawancin na'urorin ATM na Adum, tsakiyar Kumasi, da na Ankara, babban birnin Gana, za su karɓe shi, su ba ka sidi, kuɗin ƙasar nan. Amma wuyar aikin tana can wajenku. Tsakanin 2022 da farkon 2023 manyan bankunan Najeriya sun toshe amfani da katin naira a ƙasashen waje saboda ƙarancin dala, sai a watan Yulin 2025 wasu suka fara buɗewa, kowanne da iyakar abin da ya yarda a cira. Saboda haka kafin ka taso, je bankinka da ƙafarka ka tambaya: katin nan a buɗe yake? Nawa ne iyakar? Nawa ake yanka a kowace cira? Kada kuma ka ga allon Zenith ko UBA ko GTBank a titin Kumasi ka ɗauka ka iso gida. Suna ɗaya ne, amma bankin Gana ne da dokar Gana, asusunka na Kano ba ya cikin littafinsu. Baƙo kake a na'urarsu kamar kowa.

Yanka biyu za a yi maka, na bankinka da na mai na'ura, don haka cira ɗaya mai kauri ta fi ƙanana biyar. In na'ura ta tambaye ka ko ta yi maka canji da kanta ko ta bar lissafin a sidi, zaɓi sidi, farashinta ba ya yi wa baƙo daɗi. Yi cirar da rana, a na'urar da ke jikin banki, domin in ta haɗiye katin akwai wanda za ka yi wa magana. In ta hanyar Legas za ka biyo, daga Seme zuwa Kwatano da Lome har Aflao, riƙe 'yar sefa a aljihu tun daga Wapa, kada ka dogara da kati a kan iyaka.

Akwai abin da ke rikita baƙi. A shekarar 2007 aka canza kuɗin ƙasar nan, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sabuwar sidi ɗaya, amma bakin mutane bai canza ba. Har gobe in tsohuwa mai goro a kasuwar Kejetia ta ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Kada gabanka ya faɗi, kada kuma ka yi mata musu.

To, maganar katifa. Gaskiya ta sosa mini rai, ko da na san ba da mugun nufi ka faɗa ba. Mu nan ko katin ma ba mu cika ciro shi ba, waya ce bankin talaka. Tun 2009 MTN ta kawo abin da muke kira MoMo, wato ajiya da tura kuɗi ta waya, yau mai wake da shinkafa a Aboabo, da mai koko da ƙosai a Asawase, da mahauci a mayanka, duk lamba suke karanto maka. Yadda masu POS suka cika unguwanninku, haka rumfunan MoMo suka cika namu. Da gwamnati ta ɗora wa tura kuɗi ta waya haraji a 2022, zango ya yi ta gunaguni har aka soke shi a 2025. Ga kuma mai adashi, wanda a nan ake ce wa susu, yana zagaya kasuwa da littafinsa kullum yamma.

Kafin duk wannan ma muna da tsarinmu. Kakanmu fataken goro ya biyo, ya yi zama a Salaga kafin ya gangaro Kumasi. Ya zama maigida: baƙon da ya kawo shanu ko ya zo sayen goro a gidansa yake sauka, ya kwance lalitarsa ya miƙa masa, ba takarda ba sa hannu. Shi zai nemo mai saye, ya tsaya wa bashi, ran tafiya ya ƙirga wa baƙo kuɗinsa cif. Na taso na tarar da akwatin ƙarfen nan a ɗakin mahaifina, makullin a rataye a wuyansa da igiyar fata, har sallah da shi yake yi. Wannan al'ada ba ta mutu ba. Lokacin da katunanku suka daina aiki, haka muka yi da 'yan'uwa da dama: mutum ya tura naira asusun wani namu da ke Kano ko Legas, mu kuma mu ba shi sidi a nan. Da wanda aka sani ake yin haka. Masu tare mutum a bakin titi suna raɗa masa canji kuwa, ka ba su hanya, ka nemi shagon canji mai lasisi.

Abin da ya sa irin tambayarka take yi mana zafi, ta kowane ɓangare sai an tambaye mu shaida. Tun watan Yulin 2022 ba ka hulɗa da banki a nan sai da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa. Ƙanena ya je wani ofishi da takardunsa cikakku, ma'aikacin ya dubi sunansa ya ce, asalinku daga ina? Yaron da aka haifi ubansa a garin nan! Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, gidaje suka watse, wasu suka sayar da kadarorinsu a banza. Har yau akwai dattawan da ba sa son zuba duk abin da suka mallaka a wuri ɗaya, kuma ba jahilci ne ya sa su ba. Sai kuma mu zo Kano ziyara, mu buɗe baki, a ce ga 'yan Gana nan.

Na sani Hausarmu ta sha bamban da taku. Da yawa cikinmu “ya zo” suke cewa ko mace ce ta zo, muna kuma tsoma Turanci da Tuwi, yaren Asante, a zance. Amma da wannan Hausar ake tafsiri a watan azumi, da ita Dagomba da Mosi da Zabarma suke ciniki da juna a zango, da ita gidan rediyon ƙasa yake karanta labarai. Ba mu ajiye ta ba, har wasu muka ara wa.

Amaryar da za ka zo bikinta ma, na ji an yi ƙananan maganganu a can don uwarta Ba'asantiya ce. Uwar tata ta musulunta tun kafin aure, ita ta yi jinyar mahaifiyarmu har Allah ya karɓi abinsa, tuwonta kuwa za ka ci ka ba da labari. Danginta ta wajen uwa suke bin gado, mu kuma rabon Musulunci muke yi, an zauna tun farko an fahimci juna, ba a taɓa jin kanmu ba. Ina roƙonka, in ka zo ka gaishe ta da “Inna” kamar yadda 'ya'yan gidan suke yi.

Kuɗin gudummawa kada ka wahalar da kanka neman sababbin takardu. In katin ya ba ka 'yan ɗari bibbiyu, kawo su gida, yara za su kai wa mai MoMo na bakin masallaci ya fasa maka su. Ka dai zo da katin rigakafin shawara, don shi ana tambayarsa a kan iyaka, ka kuma sanar da ni ranar da motarku za ta taso in sa a tarye ka a tasha.