Filin Mai Buroshi: yaron da ya zana doki a bangon maƙwabci, da sauran wasiƙunku

Daga wata uwa, unguwar Bukoki, Yamai:
"Malam, ɗana shekararsa 17. Tun da ya fara kallon girafiti a waya, kuɗin karin kumallonsa yake tarawa ya sayi fentin feshi. Makon jiya cikin dare ya zana ƙaton doki a bangon maƙwabcinmu, har sai da mai unguwa ya shiga tsakani. Ubansa ya ce aikin zauna-gari-banza ne. In hana shi ko in ƙyale shi?"

Hajiya, kafin komai, yaron nan ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya mayar wa maƙwabci bangonsa yadda ya same shi, da hannunsa, da rana, mutanen unguwa na gani. Yaranmu suna kallon samarin Amurka suna fesa suna a jikin jirgin ƙasa su ruga, sai su ɗauka gudun yana cikin gwanintar. Can a Niyok, wajen 1970, matasan da birni bai san da zamansu ba ne suka shiga rubuta sunayensu ko'ina. Mu nan mai bangon shi ne mutumin da zai zo zanen sunan ƙanin yaron. Ana yi masa sallama, a nuna masa zanen a takarda, a jira ya ce to. Sau da yawa ma har ruwan sanyi zai aiko maka kana bisa tsani.

Amma kada ki hana shi. Ki kuma gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa yi wa bango ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga fuskokin gidaje da dagi da zane-zanen da magina suka fitar a jikin yaɓe tun yana ɗanye. A Yama, wajen Illela, Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya fi mita 5. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya fim wanda ya yi zamansa a Tawa, da zane ya fara kafin finafinansa na zanen kwaɗi masu motsi su kai shi duniya. Ya rasu a 2015, kuma tun 2024 sunansa cibiyar al'adun Yamai da a da ake kira Jean Rouch take ɗauke da shi. Abin da yake sabo gwangwanin feshi ne kawai.

Abin da ɗanki ya rasa maigida ne a sana'a. Ni wajen wani mai rubuta allunan shago kusa da kasuwar Katako na tashi, na daɗe ina wanke buroshi da kankare tsohon fenti kafin a yarda in ja harafi ɗaya. A lokacin na ji haushi, amma can na san yadda ake auna bango, yadda ake dama launi, da yadda ake magana da mai shago in ya ce hoton ragon da aka yi masa ya rame. Ki samo masa irin wannan wuri lokacin hutu. Ki ba shi bango ɗaya a tsakar gida ya zama nasa, ya zana ya goge iya son ransa. Sharaɗi ɗaya: lakwal ba ta tsayawa. Mai zanen da bai iya rubuta takardar farashi ba, wani ne zai riƙa karɓar kwangila da sunansa, shi a bar shi da kuɗin taksi.

Daga wani matashi, Tawa:
"Baba, na yi wa wani mai shayi zane a bangon rumfarsa. Damina ɗaya ta wuce, fentin ya kumbura yana zuba. Yanzu yana cewa na cuce shi. Mene ne laifina?"

Ɗana, ban ga bangon ba, amma na san ciwon. Rabin aikin zanen bango ana yin sa ne kafin a buɗe gwangwanin launi. Shafa tafin hannunka a bango: in ya fito fari, tsohuwar farar ƙasa ce, kuma duk abin da ka ɗora a kanta da ita zai faɗo. Sai an kankare, an share ƙura, an wanke, an bar shi ya bushe. In yaɓen siminti sabo ne, ka ba shi kamar mako huɗu, don ɗanyen siminti yana cin launi. Bayan nan ka yi shimfiɗar farko da farin fenti, ka bari ta kwana.

In kuwa bangon ƙasa ne, kada ka kusance shi da fentin mai. Ginin ƙasa yana shan laima yana fitarwa. Fentin mai ya toshe shi, ruwan ya taru a baya, sai ya ɓamɓaro har da yaɓen. Farar ƙasa da garin launi su suka dace da shi. Tsofaffin magina da suke shafa makuba ta bawon ɗorawa sun san abin da suke yi.

Ka kuma duba inda bangon yake kallo. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa da yashi, na yamma kuma ranar la'asar ke gasa shi. Ja mai ƙyalli, ruwan hoda da shunayya su ke fara koɗewa. Jar ƙasa, ruwan goro mai duhu da baƙi sun fi jimiri. Kada ka sa fuska ko rubutu a ƙasan bango, wajen rabin mita daga ƙasa: nan laima ke hawa, nan kanwa ke tsatsowa, nan awaki ke soshe-soshensu. Shafe shi da launi mai duhu ka huta.

A watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, yi aiki daga asuba zuwa hantsi. Fenti a bango mai zafi samansa yake bushewa kafin ya kama. Gwangwanin feshi kuma kada ya yini a rana ko cikin akwatin babur. A jikinsa an rubuta kada ya wuce digiri 50, yana iya fashewa. Tsada gare shi, don haka cika manyan wurare da buroshi, ka bar feshi don gefe da inuwa, ka rufe hancinka. Mai shayin kuwa, je ka sake masa, ya sayi fenti kai ka ba da hannu. Rumfar shayi ta fi kowane allon talla yawan masu kallo.

Daga wani magidanci, Talaje:
"Malam, ba ka tsoron Allah game da zanen mai rai?"

Ina tsoro, Alhaji, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. Abin da na ji wajen malamanmu na Malikiyya shi ne sun bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda, wanda suka sassauta a kansa ko suka ce makaruhi ne. Wasu malaman sun fi haka tsanantawa. Itace, kogi, gini, rubutu da dagi kuwa babu mai jayayya a kansu, kuma mutum zai iya cika rayuwarsa da su bai ƙure su ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya amince da shi. Ni dai ba na sa hoton mai rai a bangon da ke kallon masallaci.

Daga wata ɗaliba, Harobanda:
"Kawu, ina zana tablo, wato hotunan ratayewa a bango. Wani mai gidan abinci ya ce in yi masa bango kyauta, wai zan yi suna. In yarda?"

A'a, ƴata. Shi yana ba da shinkafa kyauta don ya yi suna? Ki lissafa fenti, kuɗin mota da kwanakin aikinki, ki rubuta, ki karɓi rabi kafin ki fara. In kyauta kike son yi, makarantar unguwarku tana nan.

Suna kuwa aiki ne ke kawo shi. Kowane zane ki sa hannu da shekara, ki ɗauki hotonsa da safe, ki rubuta girmansa. Ki riƙa leƙa gidan tarihi na Bubu Hama, cibiyar Umaru Ganda da ƙauyen masu sana'a na Wadata, ki gaida na gaba da ke, ki nuna musu aikinki ko da za su kushe. Idonki kuma ya kai Dakar, inda ake bikin baje kolin zane-zane na Dak'Art duk shekara biyu, da Festigraff na masu zanen bango da aka fara a 2010.

Roƙona ɗaya: ki rage raƙumi da faɗuwar rana. An zana su don ƴan yawon buɗe ido har sun gaji, kuma ƴan yawon sun yi ƙaranci. Kullum kina ƙetare gadar Kennedy. Masu wanki a bakin kogi, ƴan lambu, faba-faba cike da mutane, mai kilishi yana korar ƙuda, ban ga wanda ya zana su yadda ya kamata ba tukuna.

Direban da ya aiko tambaya kan adon bayan babbar motarsa, ya turo hoton motar, ya kuma faɗa min ko jikin katako ne ko na ƙarfe. Amsarsa sai fitowa ta gaba.